Taka da Tsaya

Allurar ta sake karyewa, ƙas.

"Direba!" in ji Inna Mai Keke daga kan kujerarta. "Wannan keken ɗinki ne, ba bas ɗinka ba. Cire ƙafa daga totur."

Ɗakin ya kwashe da dariya. Direba ya sosa ƙeya, ya saci kallon 'yarsa ko ita ma za ta murmusa. Ba ta murmusa ba. Ta zare guntun allurar ta ajiye a murfin gwangwani, inda 'yan'uwanta suke.

Inna Mai Keke tsohuwar tela ce, ƙofarta na kallon tasu a gidan hayar. Da ƙafafunta suka fara kumburi ta daina karɓar ɗinki, ta jera kekunanta uku a falo tana koyar da 'yan unguwa duk ranar Asabar. Dokarta ɗaya ce, ba a zuwa mata mutum ɗaya. Yaro ƙafarsa ba ta kai feda, babba kuwa sai ya yini yana lalube bai ga kafar allura ba. Don haka babba ya zauna a gefe ya taka, yaro ya riƙe yadi. Mai takawa ba ya motsa ƙafa sai yaron ya ce "taka", ba ya dainawa sai ya ce "tsaya".

Direba bai zo don ɗinki ba. 'Yarsa, wadda marigayiya uwarta ta laƙaba wa Aku saboda surutu, ta rufe baki tun rasuwar uwar bara. In ya tambaye ta ta ci abinci, sai ta gyaɗa kai. In ya kawo mata tsaraba, ta karɓa da hannu biyu kamar daga baƙo. Abin yana cin ransa sosai, ga shi bai iya lallashi ba. Yayarsa ta ce namiji mai fita tun asuba ba ya rainon 'ya mace, ƙarshen wata za ta zo ta tafi da ita. Ya amsa da to, don a ganinsa yarinyar ba ta son zama da shi.

Inna ce ta tare shi a bakin famfo ta ce ya kawo mata ƙafafun nan nasa, tana da aikinsu.

Ranar farko Aku ta zauna shiru, shi ma ya zauna da ƙafa a kan feda, har maƙwabtansu na keken gefe suka gama gefen riga. Can yarinyar ta gaji, ta ce a hankali, ba tare da ta dube shi ba, "Taka."

Murna ce ta sa ya take da ƙarfinsa duka. A nan allura ta farko ta tafi.

Daga nan kalmomi biyun nan suka zama rabonsa na mako. Mutumin da fasinja ke yini suna yi masa ihun "akwai sauka" ba ya ko waiwaya, sai ga shi yana kasa kunne kamar mai jiran sakamakon asibiti.

Suna cikin haɗa labule da ƙyallaye, don rana tana dukan idon Inna ta taga, ciwon ya kwantar da ita. Ba ta yarda an rufe ajin ba. Ta sa aka bar ƙofar ɗakin kwananta a buɗe, tana koyarwa da kunne.

"Na tsakiyan nan zarensa ya yi tauri, ku sassauta. Direba, yau ka yi hankali, na ji."

Da aka tashi ya leƙa ya gaishe ta. Ta rame, zoben hannunta har yana juyawa.

"Inna, yayata za ta zo ɗaukar yarinyar."

"Ita ta ce maka tana son tafiya?"

"Ai ba ta magana."

"Kai ka tambaye ta?" Ta ja numfashi. "Matsalarka kenan, ɗana. Kana takawa ba a ce maka taka ba."

Ranar Laraba da hantsi Inna ta cika. Yana kan hanya aka kira shi, ya sauke fasinja ya juyo da motar wayam. Ya tarar da takalma jibge a ƙofarta, Aku na zaune a kan matakala ta rungume labulen da ba su gama ba. Ya zauna kusa da ita, ya yi kuka irin wanda bai yi ba ko ranar da ya rasa matarsa.

Yayar ta iso ranar Asabar da safe. Ta haɗa kayan yarinyar tana ta faɗan ƙurar da ke bayan kabad. Direba ya ɗauki jakar ya fito. Bai tambayi Aku komai ba, tsoron amsar yake ji.

Ƙofar Inna a buɗe take. Ɗanta ya bar makullin a hannun maƙwabta, ya ce kekunan su zauna inda suke muddin akwai mai takawa. Iyaye da yara sun zo kamar kullum, suna tsaitsaye, an rasa mai fara zama.

Direba ya sa ƙafa a matakala ta farko.

"Tsaya."

Ƙafar ta tsaya da kanta kafin ma ya gane wa ya yi magana. Ya juyo.

"Baba, ba mu gama labulen ba."

Ya ajiye jakar, ya durƙusa har tsayinsu ya zo ɗaya. Ya ce, "In mun gama fa? Kina son ki bi Gwaggo, ko ki zauna da ni?"

"In na tafi wa zai ce maka tsaya? Allurai za ka ƙarar."

Yayar ta dube shi, ta dube ta, ta goge ido da gefen mayafi. "Oh ni! Ashe bakin na nan. To a mayar da jakar ciki, ni dai a ba ni ruwa in sha."

Suka shiga. Aku ta lashi bakin zaren ta zura shi a kafar allura, ta shimfiɗa labulen daidai inda ɗinkin ya tsaya. Sauran ma suka ja kujeru. Rana ta shigo ta tagar ta sauka a kan kujerar Inna, ba wanda ya matsar da ita. Direba ya ɗora ƙafarsa a kan feda, ya jira.

"Taka, Baba. A hankali."