Abin da Masu Wanka Suka Gani

Ranar sadakar bakwai ta Dakta Lailatu, tun hantsi gidansu na Ƙofar Ran ya cika da mata. An kafa tanda a tsakar gida ana suyar masar sadaka, kuma Ni'ima ce a bakin wuta, goye da 'yarta, tana zuba ƙullu tana sauraron yadda ake rabon rayuwar goggonta baki-baki.

"Wace ƙasa ce ba ta taka ba?" in ji wata tsohuwa. "Zariya, Sudan, har can inda ake cin shinkafa da tsinke."

"Ta dai taka, amma ba ta iya tsaraba ba," in ji wata. "Mutane su je Makka su kawo dabino da zamzam, Laila ta kawo mini dutse. Wai in duba jijiyarsa."

Aka yi 'yar dariya, aka bi ta da Allah ya jiƙanta. Ilimin duwatsu da ruwan ƙarƙashin ƙasa marigayiyar ta karanta, shi ta koyar har ƙarfinta ya ƙare. Da wata baƙuwa ta tambayi abin da ya yi ajalinta, Goggo Fatu, yayar marigayiyar, ta amsa tun kafin wani ya buɗe baki.

"Ciwon hanta ne. Kwana ne ya ƙare."

Ni'ima ta juya masar da ke tanda ba ta ɗago kai ba. Ba ƙarya aka yi ba, don a hanta ciwon ya ƙarasa. Amma ba can ya fara ba. Ita 'yar ƙanen Lailatu ce, a hannunta ta yi sakandare a gidanta na Yelwa, kuma tana nan shekarar da aka je Zariya aka cire wa goggonta mama na hagu saboda ciwon daji. Ita ta ɗinka 'yar matashin audugar da ake sa wa cikin riga don kada a gane. An ɓoye ne da farko saboda Inna, mahaifiyar su Lailatu, mai hawan jini. Inna ta rasu, ɓoyon bai rasu ba. Lailatu ta ci gaba da shiga aji, ta ci gaba da hawa jirgi zuwa taro, tana dawowa ta wuce ƙarin ruwan nan mai zubar da gashi, dangi na cewa Laila ba ta zama wuri ɗaya shi ya sa ta rame.

Goggo Fatu kanta sai ranar wankan gawa ta gani. Su biyu ne a ɗakin, ita da Ni'ima. Da aka yaye zane ta ga tabon ɗinki ya ratsa ƙirji inda ya kamata a ga mama, hannunta ya tsaya cikin ƙwarya. Sannan ta ce, "Mai wanka ba ya da baki, Ni'ima. Abin da muka gani, da shi za a binne mu."

Can ƙarƙashin rumfa Khairat na zaune da jaririnta. Ita ce 'yar fari kuma tilo ga marigayiyar, daga aurenta na ƙuruciya. Tun yaye Inna ta ɗauke ta, uwar ta tafi karatu. Lailatu, da duk bokonta, ba ta taɓa kiran sunan yarinyar ba. "'Yar Inna" take cewa, ita kuma Khairat ta ce mata Anti. Matar da ke tsayawa gaban maza ɗari ta yi jawabi da Turanci, in 'yar farinta ta shigo ɗaki sai ta hau gyaran mayafi tana tambayar ko an yi ruwa a Miri, ƙauyen da Khairat ke aure.

Ni'ima ta lura yaron Khairat na kama nonon dama, in an juya shi hagu sai ya ture yana kuka, uwar kuma ta cije leɓe. Sau biyu tana ganin haka. Ta miƙa wa wata maƙwabciya cokalin juyi, ta ɗauki faranti ta nufi rumfar.

"Ƙauyawan Miri, ga masa, ku ci ku ba da labari."

"Kawo nan, mai ƙona ƙullu," in ji Khairat. Taubasai ne, ɗiyar mace da ɗiyar namiji, ko a gidan makoki ba sa fasa tsokanar juna.

"Me ya hana angon naki cin ɓangaren hagu?"

"Nono ne ya kwanta. Ya yi wani ƙullutu nan gefe. Goggo Fatu ta ce in dinga gasawa da ruwan zafi."

"Tun yaushe?"

"Tun ina da cikinsa nake jin abin, yanzu dai ya ƙara tauri."

Ni'ima ta zauna kusa da ita. Nonon da ya kwanta ba ya riga haihuwa zuwa. "Kin je asibiti?"

"Na je wani ƙarami a Wunti. Wata ma'aikaciya ta taɓa, ta ce ko akwai wadda ta taɓa ciwon mama a danginmu. Na ce mu dai hawan jini ne gadonmu, sai hantar Anti. Ta ce to masu shayarwa suna yawan haka, ta ba ni ƙwayoyi." Ta gutsuri masa. "Me kike kallona kamar na ci miki kaza?"

"Gishiri nake so ki ce ya ji."

"Bai ji ba."

Ni'ima ta miƙe. Can a soro Malam Abdulbaqi, mijin marigayiyar, yana karɓar gaisuwa, ta aika a ce tana son ganinsa a ƙofar tsakiya. Malamin Larabci ne, a Sudan suka haɗu lokacin dukansu sun manyanta, matarsa ta fari ta rasu. Lailatu kan ce ya yi ta gyara mata Larabci ne har ta gaji ta aure shi don ya yi shiru. Da hannunta na hagu ya kumbura bayan aiki ya daina ɗaguwa, shi ya koyi ɗaurin ɗankwali. Ni'ima ta sha ganinsa da safe, gilashi a karan hanci, yana naɗa mata shi a karkace, ita tana cewa da wannan ɗaurin gara ta fita da hularsa.

Ya fito ya rame, rigar ta yi masa yawa. Ta durƙusa ta faɗa masa abin da ta ji, a taƙaice. Ya dafa bango.

"Baba Malam, Goggo Laila ba ta taɓa gaya mata ba?"

"Ta yi niyya. Likitanta ya ce lallai 'yarta ta sani, don a riƙa duba ta da wuri. Na sha kai ta Miri a mota saboda wannan maganar kaɗai. In jira a waje, ta fito, in ce kin faɗa? Ta ce gyaɗarsu ta yi kyau bana." Ya share ido da gefen rawani. "Ta ce bakinta ba zai iya ambaton ƙirjinta gaban 'yar fari ba. Kullum sai wani zuwan."

"To ku faɗa mata yau."

"Ni? Mijin uwarta nake, Ni'ima, ban haife ta ba. Da wane ido zan zauna in yi mata zancen jikin mahaifiyarta, in kuma tambaye ta nata?" Ya dube ta. "Ke ce taubashiyarta. Duk gidan nan bakinki ne kaɗai babu kunya tsakaninsa da ita."

Kafin ta kai rumfa Goggo Fatu ta tare ta a bakin madafa. Tsohuwar ta ga fitarta, ta ga fuskar da ta dawo da ita.

"Ina za ki?"

"Wurin Yaya Khairat, Goggo. Ƙullutun nan ba nono ba ne."

"Ke likita ce?"

"A'a. Shi ya sa nake so ta koma wurin likita da amsar gaskiya."

Goggo Fatu ta ja ta cikin madafa, ta rage murya. "Baiwar Allah ta rufa wa kanta asiri shekara da shekaru, ta tafi a rufe. Ko ƙasar kabarinta ba ta bushe ba za ki yaye ta? Gobe a ji a Ƙofar Ran cewa Laila da mama ɗaya aka binne ta? A ce ciwon a jininmu yake, wa zai nemi 'yan matan gidan nan? Har wannan da ke bayanki."

Ni'ima ta kai hannu ta tallafi 'yarta. Wannan tunanin ba yau ya fara zo mata ba. Ita ma jinin ne.

"Goggo, ba a wurin wanka na gani ba. Ni na riƙa wanke ɗinkin tun yana ɗanye. Kuma ciwo ba abin kunya ba ne da za a ce na tona."

"Ni dai na gaya miki. In kin buɗe baki, ke da Allah, kuma kada ki sake shigo mini ɗaki."

Idon tsohuwar ya cika da ruwa. Ni'ima ta gane ba ita kaɗai ake yi wa faɗan ba: Goggo Fatu ce ta ce a gasa da ruwan zafi, kuma tun ranar wanka take kallon Khairat tana kawar da kai.

"Ki yafe mini, Goggo," ta ce, ta raɓa ta wuce.

Ta ja Khairat zuwa tsohon ɗakin Inna, ta saki labule. Ba ta yi kwana-kwana ba, don ta san in ta fara da sannu ba za ta ƙarasa ba. Ta faɗi sunan ciwon, ta faɗi Zariya, ta faɗi abin da likita ya ce game da 'ya.

Khairat ta yi murmushin da bai kai ido ba. "Ke fa wasanki ba shi da rana."

"Yau ba wasa na zo ba, Yaya."

Ba ta taɓa ce mata Yaya su biyu kaɗai ba. Khairat ta zauna bakin gado a hankali, ta rungume yaron har ya yi ƙara.

"Shekara nawa?"

"Tun kafin aurenki."

"Ta zo bikina da shi ke nan. Ta zo sunan wannan da shi." Ta dubi Ni'ima sama da ƙasa. "Ke ta nuna wa. Ni ta zo ta zauna mini a tabarma tana tambayar kaji."

"Don ta faɗa miki take zuwa. Baba Malam na waje, ki tambaye shi."

"Ba na tambayar kowa." Daga tsakar gida ana jin an fara addu'a, mata na amsa amin. Ta daɗe tana kallon labulen, sannan ta ce, "Wanne ne?"

"Na hagu."

Khairat ta sunkuyar da kai ta dubi rigarta. Ni'ima ta matso, ta miƙa hannu, Khairat ta buge shi.

"Kada ki taɓa ni."

"Na bari. Amma gobe da sassafe za mu babban asibiti, kuma in sun yi tambayar nan ni zan amsa."

"Sai na gaya wa baban yaro."

"Mu gaya masa tare. Yau a Miri zan kwana."

"Wa ya gayyace ki?"

"Ba kowa."

Da la'asar, bayan an watse, Khairat ta fito da jaririnta da jakarta ta tsaya bakin titi ta tsayar da keken haya mai ƙafa uku. Ni'ima na bayanta da goyo da ledar kayan yarinya. Ta leƙa ɗakin Goggo Fatu don sallama, ta tarar an turo ƙofa daga ciki.

Khairat ta shiga keken ta zauna can ƙarshen kujera, fuskarta a waje. Mai keke ya waiwayo ya ce mutum nawa ne.

Ta ɗan jima kafin ta janye jakarta daga kan kujerar ta ɗora a cinya.

"Biyu," ta ce.