Gudun Jirgin Kulu

Jirgin ƙasa bai taɓa zuwa Sakkwato ba. Tun kuɗin mai na zuba ake cewa yana hanya, har kuɗin suka ƙafe, sojoji suka yi ta karɓar kujera daga hannun juna, shi kuwa yana Ƙauran Namoda ko gezau. Jirgin da ke yawo a birnin na wasa ne, yana unguwar Gidan Dare, kan wani faffaɗan katako a falon Malam Siddiƙu, kuma kansa bai fi tafin hannu ba.

Siddiƙu ma'aikacin lantarki ne a kamfanin siminti na Kalambaina har ya yi ritaya. Wani injiniya Bajamushe da suka yi aiki tare, da zai koma gida, ya bar masa layin dogon, da taragu, da kan jirgin, da akwatin tuƙi mai maɓallan lambobi da abin murɗawa. A cikin kan jirgin akwai wata 'yar na'ura kamar farce, dikoda, ita ke riƙe da lambar da jirgin ke amsawa, da iyakar gudunsa, da yadda zai tashi ya tsaya. Siddiƙu wayoyin suka burge shi. Matarsa Kulu gudun ta so.

Bayan la'asar takan ja kujera ta zauna, ta murɗe abin har ƙarshe, jirgi ya nufi kwanar da ke gindin taga kamar zai fita waje, sai ya kusa ta sassauta masa, ya sha kwana taragu na rangaji. Ta yi dariya har da tafi.

Sai karkarwa ta kama hannunta na dama. Likita ya ba ciwon dogon suna, ya ba da gajeren magani. Ta bar wa surukarta tuƙin tuwo, ta bar zare da allura, ba ta ce uffan ba. Amma ranar da hannun ya fizge abin murɗawa, jirgi ya tashi daga kwana ya faɗi kan siminti, sai ta ɗauko tsohon zane ta rufe akwatin tuƙin.

"Dama wasan yara na," in ji ta.

Siddiƙu ya san ba wasan yara ta rufe ba. Abu na ƙarshe ne da take yi da hannunta, ba wanda ya karɓe mata. Tun daga nan la'asar ta koma lokacin kallon bango.

Wata safiya da ta shiga maƙwabta barkar haihuwa, ya aza kan jirgin bisa guntun layin da ake saita dikoda, ya danna lambobi. Ya rage iyakar gudu, ya sa jirgin ya riƙa jinkirin bin umurni, yadda ko hannu ya fizga ba zai zabura ba. Da la'asar ya yaye zanen.

"Kulu, na sa wa wanga abu mai, zo gwada min shi. Ni ban iya tuƙi ba."

"Yau kas sani?"

Ta zauna dai. Jirgi ya tashi a natse, ya zagaya, ya sha kwana lafiya lau. Fuskarta ta fara sakewa, Siddiƙu har ya fara yabon kansa a zuci. Sai ta murɗe abin har ƙarshe. Jirgi ya ci gaba da tafiyarsa ta mai ciwon baya. Ta sake murɗawa. Ta ɗago ta dube shi.

"Malam, mi kay yi mishi?"

"Mai, na ce miki."

"Wane irin mai ka sa jirgi tafiyar hawainiya? Ƙafa kaɗ ɗaure mishi." Muryarta ta yi ƙasa. "Kowa gidanga shina yayyanka min nama ƙanana, ba mai tambaya ta ko ina so. Ashe har da kai."

Ta tura akwatin tuƙin gabansa.

"Maishe shi wada yake."

"In na wanke mishi kai, komi zai manta. Har lambar da kika zaɓa mishi."

"Shi manta."

Ya mai da jirgin kan guntun layi, ya danna lambar da ke share komai. Fitilar goshinsa ta ƙifta. Yanzu lamba uku yake amsawa, kamar kowane sabo da ya fito daga masana'anta, bai san Kulu ba, bai san dabarar Siddiƙu ba.

Ta kama abin murɗawa. Hannu ya fizga, jirgi ya kwasa a guje, ya isa gindin taga ya yi sama. Siddiƙu, da gwiwoyinsa da suka daɗe da yin ritaya, ya tare shi da gaban rigarsa.

Idonsa na kan zanen, yana jiran ta miƙa hannu gare shi. Ta daɗe tana kallon yatsunta suna rawa a cinyarta.

"Aza shi ga guntun layin can," ta ce. "Ina lambar gudu take?"

Ya nuna mata. Yatsanta ya nufi maɓalli ya sauka kan na kusa da shi. Ya miƙo hannu.

"Akwatin za ka riƙe, ba ni ba."

Ya riƙe akwatin da hannu biyu. Ta kuskure, ta share, ta sake, har lambar ta shiga. Suka gwada, ta ce wannan tafiyar jana'iza ce. Ta ƙara. Suka gwada, ta ƙara kuma. Jinkirin tashin da ya sa a ɓoye, da ya yi mata bayaninsa, ta ce a mai da rabinsa, rabin kawai. Inda ta tsaya da gudun ya wuce abin da zuciyarsa ke so nesa ba kusa ba.

"Wanga zai faɗi, Kulu."

"Wata rana. To mine ne aikinka? Tafi tsaya ga kwana."

Ya tafi gindin taga ya tsaya, ya ware gaban rigarsa. Kulu ta gyara zama, ta murɗe abin har ƙarshe.