Hatimin Wakili

Iskar teku ta sake warware wa Ɗalhatu rawani a karo na uku, ya cafke shi da haƙori yana zagin direban kwale-kwalen a zuci. A Jebel Ali, can ƙasar Larabawa, magatakardan sito ne kawai. Amma a tsibirin da suka nufa, inda 'yan garinsu arba'in ke aiki a otal, shi ne Wakilin Sarkin garin nasu.

Wakilcin dai ba wani na a zo a gani ba ne. 'Yan garin da ke tsibirin suna da ƙungiyarsu, sun zaɓi Louisa mai kula da ɗakuna ta shugabance su. Su yanke shawara, shi kuma ya zo ran Juma'a ya buga hatimin Sarki, ya ci shinkafa, ya koma. Ƙarshen watan nan wa'adinsa zai ƙare, ga Sabo direban bas ya ƙwallafa rai a kan rawanin. Abin da ya fi ci wa Ɗalhatu rai shi ne labarin da ya ji, wai har a fada ana kiransa Wakilin Shinkafa. Tsoro ya kama shi sosai. Yau sai ya nuna shi ma yana da iko.

A ɗakin cin abincin ma'aikata Louisa ta russuna ta miƙa masa takarda.

"Ranka ya daɗe, guda ɗaya ce yau."

Ko kallonta bai yi ba. Dama bai taɓa karanta ko ɗaya ba.

"Ban amince ba."

Cokula suka tsaya.

"Ranka ya daɗe, ka dai duba."

"Na ce ban amince ba, khalas, magana ta ƙare. A rubuta, Wakili ya ƙi."

Louisa ta rubuta da manyan baƙaƙe, ya sa hannu har da ƙawa, ta ɗauki hoto ta tura wa sakataren fada kamar yadda doka ta ce. Daɗi ya cika Ɗalhatu, ya nemi ƙarin nama.

Sai da ya kai loma ta uku ya tambaya, "Wai ma mece ce a ciki?"

"Roƙo ne muka yi wa Mai Martaba ya ƙara maka shekara uku."

Daga ƙarshen teburi Sabo ya taso a natse, ya zuba wa Wakili ruwa.