Baba Ya Bi Ta Ƙofar Baya

Da Baba ya yi ritaya daga asibitin ido, ya ce zai koma ƙasar da babban ɗansa yake ya ƙarasa hutunsa a can, 'yarsa Auta ba ta ja da shi ba. Ita ce ma ta bi masa layin biza, ta haɗa masa magungunan hawan jini, ta raba wa maƙwabta tukwanen furanninsa. Abu ɗaya ta roƙa: ya zaunar da 'yarta, ya faɗa mata da bakinsa cewa tafiya zai yi, kuma ba gobe zai dawo ba.

Yarinyar ba ta cika shekara huɗu ba. Shi yake ɗauko ta daga makaranta, shi yake ɓare mata lemo. Amarya yake kiranta, ita kuma ta ce masa Tsoho. Sai dai Baba ba ya iya tsayawa gaban kukan yaro. In zai fita, sai ya sa a ɗauke mata hankali, ya riƙe takalmansa a hannu, ya sulale kamar wanda ya yi sata.

"Baba, ka gaya mata?"

"Ke dai kin cika naci. Yaro ne fa, kwana biyu ta manta."

"Ba za ta manta ba. Ranar da ka je ɗaurin aure ba ka sanar da ita ba, a bakin taga ta wuni, ko ruwa ta ƙi sha."

"To, gobe."

Goben nan ta yi ta haihuwar wata goben har ranar tafiya ta zo. Da hantsi Baba ya shigo falo cikin sabuwar riga, ya ce, "Yi mata wanka tukuna. Ba na sallama da amarya mai maiƙo a baki."

Auta ta yarda. Tana tsaka da cuɗa kan yarinyar ta ji ƙarar tayar akwati tana gurzar dakalin ƙofar baya. Ranta ya yi baƙi ƙirin. Ta fizgi tawul, ta naɗe yarinyar da kumfarta, ta fito titi ba takalmi. Har direban tasi ya rufe but, Baba ya sa ƙafa ɗaya a mota.

"Tsoho, ina za ka?"

Baba ya yi yaƙe. "Nan kusa, Amarya. Alewa zan sayo miki."

Auta ta riƙe murfin motar. "Wace alewa da akwati biyu? Baba, kai jirgi za ka hau, ni za a bari da tambaya safe da yamma. In ce mata me? Har yanzu kana kanti?"

"Hajiya, jirgi fa ba ya jiran kowa," in ji direban.

"Malam, sa mana ido."

Baba ya dubi agogo, ya dubi direban kamar mai neman ceto. Da ya ga ba mafita, ya dafa mota ya durƙusa, gwiwoyinsa suna ƙara.

"Amarya, zan tafi wurin kawunki. Da nisa. Can zan zauna."

"Ka dawo da yamma?"

Ya buɗe baki, ya haɗa ido da Auta, ya haɗiye abin da ya so faɗa. "A'a. Sai an daɗe."

Yarinyar ta ƙwalla ƙarar da ta sa maƙwabta leƙowa. Baba ya faɗa mota yana share ido da hula, yana cewa, "Kin gani ko? Abin da nake gudu ke nan. Hankalinki ya kwanta?"

Bai kwanta ba. Motar ta sha kwana, Auta ta juya gida da yarinyar tana harbinta a ciki, tawul yana zamewa, sabulu ya gangaro wa yarinyar cikin ido.

"Ƙarya yake! Zai dawo!"

"Ba ƙarya ba ne, ya tafi," in ji Auta, tana tura ƙofa da kafaɗa. "Yi kukanki, ni ina nan. Rufe idon in wanke miki."