Baban Kowa

...ita ma wai "Babanmu". Matar nan mai riƙe da makirufo, tana kuka har da majina, wai kai ka kama hannunta ka kai ta gaban bagadi ranar aurenta, tunda nata uban ya rasu. Ta nawa ke nan yau? Bencin iyali ma masu ce maka Baba sun cika shi maƙil. Ni da ka haifa ga ni a gefe, rabin jikina a iska.

Fasto ya ce in mawaƙa sun gama, ni ce. "'Yarsa tilo za ta faɗa mana wani abu." Wani abu... me?

Kowa da nasa labarin. Direban kamfanin sabulunka ya ce ka yini a bakin gadonsa a asibiti kana ba shi ruwa da cokali. Da cokali, Baba? Ni da ƙyanda ta kwantar da ni, likita ka aiko — mai tsada, ban musa ba — da kwalin biskit. Kai kana can saman rufin coci da kafintoci, wai damina ta kusa.

Kada in yi maka ƙarya a gaban akwatin gawarka, ba ka taɓa hana ni komai ba. Makaranta, mota, har gida. Amma Mama ta sha faɗa, tana rufe abincinka da ya huce: inuwar giginya, na nesa ka sha.

Abu ɗaya na zo da shi, shi na yi niyyar faɗa. Ranar nawa auren, muna tafe tsakanin bencuna, ka sunkuyo ka raɗa mini, "In ya ɓata miki rai, ƙofata ba ta da sakata." Shekara da shekaru ina ɓoyon maganar nan, ko mijina bai sani ba... Ga shi yanzu matar nan ta faɗe ta a makirufo, ba ragi ba ƙari. Kuma dubi 'yan matan da ke naɗe maka sabulu — duk suna gyaɗa kai. Duk sun san ta. Ashe rabawa kake yi.

Kishi nake ji, eh, kishi, a cikin coci, a gaban gawa. Allah ya gafarta mini. Wa zan gaya wa? Su ce 'yar mai kuɗi ta ƙoshi ne?

Mawaƙa sun shiga baitin ƙarshe... Asabar, tsakar gidanmu, ina leƙe ta taga, marayu sun yi layi, kana dafa kan kowa kana kiran sunansa, ba ka taɓa kuskuren ko ɗaya ba. Ni kuwa ina cewa a raina, da ma ni ce.

To, ga shi. Mama ta tafi, ka bi ta. Sai yau na isa shiga layin — yau da babu mai dafawa.

Fasto yana miƙo makirufo. Ni kuwa ina nan zaune a gefen bencin...