Inci Biyu a Rigar Matsi

"Inci biyu! Inci biyu kacal na ƙara, shi ne kike mini ihu kamar na yanka ki?"

"An riga ki yankawa, Yaya. Wa ya ce ki taɓa rigar?"

Tanka ce mai maganar, tana jingine da filo uku, gwiwoyi a tanƙwashe, don kwana shida ke nan ba ta miƙe sosai ba. Tun tana da ƙiba aka laƙaba mata sunan, lokacin da sai ta karkata take shiga ƙofa. Shekara biyu tana fama, ta zubar da kilo sittin, amma sunan ya ƙi tafiya. Fatar ma ta ƙi, ta sauko tana reto har cinya kamar tsohon labule. Shi ne likita ya yanke ta, ya ɗinke cikin daga wannan ƙugu zuwa wancan, ya yi mata sabuwar cibiya, ya bar 'yar roba a gefe tana tsiyayar da ruwan ciwo cikin wata 'yar gora. Sannan ya ɗaure ta da riga mai matsi, ya ce kada ta rabu da ita sai za a goge jiki.

To, Yaya tela ce, kuma tela bai iya ganin riga ta matse mutum ya kau da kai ba. Jiya da rana Tanka ta cire rigar ta shiga banɗaki goge jiki, Yaya ta hango shatin da rigar ta bar mata a haƙarƙari, ta yi wuf ta farke gefen hagu, ta jona ƙyalle, ta mayar ta yi shiru. Tanka ta ji numfashi ya sake, baiwar Allah har da yabon maganin asibiti.

Yau da safe gefen nan na hagu ya tashi kamar an cusa rabin kankana. Ga tauri, ga sheƙi. Ruwan gorar da ya fara komawa kalar shayi ya zama ja wur, kuma sau biyu tana cika tun wayewar gari.

"Kin ji abin da nas ta ce a waya," in ji Tanka. "In taho yanzu, kada in ci komai, kada in cire rigar."

"Za mu je mana, wa ya hana? Cire kawai in mayar da ita yadda take. Minti goma a keke."

"Yaya, jini ne ke taruwa a cikina."

"Ke dai da baki! Wa ya ce rigar ce? Wataƙila ɗinkinsa ne bai kama ba. Na ga layin ai, ko 'yar koyo ba za ta yi mini wannan karkataccen aiki ba."

Tanka ta ɗora tafin hannu a kan kumburin. Hannun ya ji zafin wurin, cikin kuwa bai ji hannun ba, kamar jikin wata take taɓawa. Abin da ya fi tsinka mata zuciya ke nan: ko me ke ɓallewa a ciki, ba za ta ji ba. Ta tuna fitilun ɗakin tiyata da sanyin teburin, da rantsuwar da ta yi cewa ita da wurin har abada. Wani siririn sauti ya fara yi mata kuka a kunne.

Yaya ta ɗauko allura da zare, wai ko da hannu ne ta tsuke gefen a jikinta. Matar da ta shekara talatin tana zura zare tana kallon talabijin, sau huɗu tana kuskure kafar allurar.

"Ƙanwata, ki rufa mini asiri. In likita ya ga ƙyallen nan me zan ce? Mijinki ya dawo daga aiki in kalle shi da wane ido?"

"Ki ce kin ƙara inci biyu."

"Tsaya dai, kada ki motsa..."

Tanka ta mirgina ta gefen dama kamar yadda aka koya mata, ta sauke ƙafa, ta tashi a duƙe. Ɗakin ya juya, ta dafa bango har ya tsaya. Ta soke gorar a aljihun doguwar riga, ta ja mayafi. Maƙwabciyar bene na ƙasa tana da mota, matakala ashirin da biyu ce tsakaninsu.

Yaya ta sha gabanta, allura a hannu, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Minti biyar! Don girman Allah!"

"Matsa, Yaya. Gani na ya fara yin duhu."

Ta raɓa ta gefenta tana jan silifa, hannu ɗaya tallafe da ciki. Da ɗayan ta kamo ƙofar, ta tattara ɗan ƙarfin da ya rage mata, ta buga ta garam.