Baƙin Wuyan Direba

Shekara ashirin da biyu tela yana ɗinki, ba a taɓa cewa kayansa sun ɓata wa wani fata ba, sai ranar da mijin ƙanwarsa ya shigo shago da shuɗiyar riga a hannu. Direban babbar mota ne, ƙaton mutum mai fara'a, amma ranar fuskar nan a murtuke take. Ya jefa rigar kan keken ɗinki, ya juya ƙeya.

"Yaya, dubi abin da yadinka ya yi mini."

Tela ya gyara tabarau. Wani baƙi ne ya zagaye bayan wuyan kamar an goga gawayi. Da ya taɓa, sai ya ji wurin da kauri, ga laushi irin na karammiski. Direba ya ce wata uku ke nan matarsa tana dirzar wurin da soso, abin ko gezau.

Tela bai yi musu ba. Ya jiƙa rigar a ruwan zafi, ya murza ta da farin ƙyalle, ƙyallen ya fito fes. To kuma, in ji shi a ransa, yaushe shuɗi ya fara barin baƙi? Ya sa direba ya ɗaga hannu, sai ga irinsa a hammata, inda kwalar riga ba ta kaiwa. Ya ɗauko littafin awo ya duba: cikin shekara huɗu wuyan direba ya ƙaru da inci uku, ƙugu kuwa ba a magana.

Abin ya tsaya masa a rai. Duk wanda ya zo awo a makon nan, sai tela ya saci kallon wuyansa. Ya ga irin baƙin a jikin mutum biyu, dukansu masu teɓa. Da wata ma'aikaciyar jinya ta zo karɓar rigar aikinta, ya kwashe labarin ya gaya mata. Ta ba da shawara direba ya je asibiti da safe kafin ya ci komai.

Tela ya raka direba asibiti. Bayan gwajin jini, likita ta ce ba dauɗa ba ce, ba rini ba ne, kuma ba ya yaɗuwa. Akwai sinadari a jiki mai suna insulin, shi ke shigar da sukari daga jini zuwa tsoka. Idan ƙiba da yawan zama suka haɗu, sai jiki ya daina jin maganarsa, dole jikin ya riƙa ƙaro shi. Yawan nan nasa shi ke sa fatar wuya da hammata ta yi kauri ta yi duhu.

Tela ya jero tambayoyi: me ya sa sai inda fata ke naɗewa, ana gadonsa, sirara ma suna yi? Likita ta amsa abin da ta iya, sannan ta yi murmushi.

"Malam, a cikinku wai wa ya kawo wani?"

Ta ce sukarin direba ya hau, amma bai kai ga cuta ba tukuna. Ta hana dirza da man bilicin, ta rubuta ƙwaya da man shafawa, ta ce ainihin maganin yana ga rage nauyi da motsa jiki.

Direba ya bar lemon kwalba biyar da yake sha a rana. Idan ana lodi, maimakon kishingiɗa a gaban mota, sai ya yi ta zagaya fili, abokan aiki suna tsokanarsa wai me ya ɓace masa. Bayan wata bakwai baƙin ya dusashe, ko da yake bai tafi duka ba.

Tela kuwa ya daɗe yana juya maganar mutanen nan biyu, daga baya ya daure ya gaya musu. Ɗaya ya yi godiya ya je asibiti. Ɗayan ya ce shi ɗinki ya kawo, ba wuyansa ba, ya kwashe yadinsa ya tafi.